Waƙar Fiyano A Kuchigoro, Da Wanda Ke Biyan Mawaƙi

Duk wanda ya baro tsakiyar Abuja ya nufi filin jirgin sama, da ya wuce Ƙofar Birni kaɗan zai tarar da Kuchigoro a gefen babbar hanya, tsohon ƙauyen Gwarawa wanda birni ya zo ya iske a wurinsa, ya kewaye shi da gine-gine, ya kuma cika shi da baƙi. Tun da aka komo da gwamnati daga Ikko a 1991, leburori da masu gadi da masu shayi da 'yan acaɓa, waɗanda ƙarfinsu bai kai na haya a Garki ko Wuse ba, suka yi ta tarewa a nan, sa'an nan a 2014 mutanen Gwoza da fitinar Boko Haram ta koro suka kafa sansaninsu a kusa. Jama'a irin wannan, wadda galibinta ta baro gida, ba ta rabuwa da waƙa, kuma abin lura shi ne waƙar da ke tashi daga shagon aski da kan babur a Kuchigoro, mafi yawanta babu wani kamfanin faifai da ya buga ta ko ya kawo ta.

Mai kawo ta wani saurayi ne a ƙarƙashin laima, gabansa tebur, bisa teburin tsohuwar kwamfuta da tarin wayoyin da ake yi wa caji, kowace da 'yar takardar lamba manne a bayanta. Ɗan acaɓa ya tsaya, ya zare memori ya miƙa, ya ce, "Maigida, zuba mini sababbi, amma ka sa na Breaker da na Gwanja." Kafin ya gama shan ruwan leda an cika masa, ya biya abin da bai kai kuɗin tuwon rana ba, ya ƙara gaba da waƙoƙin da zai yi mako yana sauraro bai ƙure su ba. Wannan shi ne kantin faifan talaka, shi ne kuma gidan rediyonsa, domin abin da wannan saurayi mai turawa ya zaɓa ya zuba, shi unguwa za ta haddace.

Asalin al'amarin a Kano yake. A da, mawaƙi irin su Alhaji Musa Ɗanƙwairo ko Alhaji Mamman Shata ba ya motsi sai da ƙungiya, ga makaɗa, ga 'yan amshi, ga sanƙira, kowa da bakin da za a ciyar. Har Bala Miller, wanda ya jarraba waƙar Hausa da jita da ƙahonin Turawa a Kaduna cikin shekarun 1970, bai sami magada da yawa ba, saboda kayan kiɗan suna da tsada, koyonsu kuma yana bukatar shekaru. Da fiyanon Yamaha ya shigo ɗakunan ɗaukar sauti na Kano a ƙarshen shekarun 1990, irin ɗakin Iyan-Tama, sai ya zamana mutum guda da yatsu goma yana fitar da amon kalangu da sarewa da garaya daga akwati ɗaya, kuma fim ɗin Sangaya na 1999 ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa jama'a na son wannan sauti. Daga nan ƙofa ta buɗe wa duk mai murya da baiti, ko da kuwa ba ɗan gado ba ne: ya biya kuɗin zama a situdiyo, wani ɗan ɗaki da aka liƙe bangonsa da soso don kada ƙarar janareta ta shiga, makaɗi ya haɗa masa kiɗa, ya rera, kwamfuta ta daidaita masa inda murya ta karkace. Masu son waƙar da suna cewa wannan ya rage fasaha, kuma lalle akwai gaskiya a zancensu, gama an sami waƙoƙi masu yawa da kiɗansu ɗaya ne, sunan budurwa kaɗai aka sauya. Amma ta wannan ƙofa ce Aminu Ala da Nura M. Inuwa da Fati Nijar suka shigo, kuma ba mai hankalin da zai ce babu hikima a baitocinsu.

Wani abin mamaki, wannan sauti na ɗakunan Arewa ya taɓa har kiɗan jita da Turawa ke rububinsa yau. Mdou Moctar, Buzu ɗan ƙasar Nijar, wanda ya ƙera jitarsa ta fari da wayar birkin keke, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da irin gyaran muryar nan na mawaƙan Hausa. Waƙoƙin suka bi memori daga waya zuwa waya har Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji su, ya nemo mai su. A 2021 kuwa kamfanin Matador na Amurka ne ya fitar da kundinsa Afrique Victime.

To, sai dai ba kowa ke samun wanda zai nemo shi ba, kuma a nan ne maganar 'yancin mawaƙi take bukatar bincike. Kuɗin da ɗan acaɓan Kuchigoro ya biya, ko sisi ba ya isa ga wanda ya wallafa waƙar. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Malaman fiƙihu na wannan zamani sun yi bahasi a kan haƙƙin mai wallafa, an kuma sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023, amma babu hukumar da za ta bi laima laima tana ƙidayar abin da aka tura, mawaƙin kansa ma ba ya so a bi, tun da yake mai turawa ne ke yi masa shela kyauta. YouTube da Audiomack suna biya gwargwadon masu sauraro, alhali mutumin da ke auna datarsa kamar gishiri sau ɗaya zai sauke waƙa, ba zai koma ba.

Saboda haka mawaƙin da ya kuɓuta daga fada bai kuɓuta daga ubangida ba. Abincinsa yana wurin biki, inda za a yi masa liƙi, da wurin amaryar da za ta biya a yi mata waƙa da sunanta da na ango da na dangi, da kuma wurin ɗan siyasa, wanda ya fi kowa sakin hannu, kamar yadda sha'anin mawaƙi Dauda Kahutu Rarara ya nuna tun zaɓen 2015. A bisansa kuma ga Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, wadda a zamanin shugabancin Malam Abubakar Rabo aka haramta waƙoƙi, aka tsare Aminu Ala a 2009, har waɗansu mawaƙa suka tattara suka koma Kaduna da Abuja. Hukumar tana da iko a kan situdiyon da ke Kano, amma ikonta ba ya isa Babban Birnin Tarayya, kuma sau da yawa waƙar da aka haramta a can ita ce ake fara tambayar mai turawa a Kuchigoro.