Gigin Tsufa: Kada A Kulle Tsoho A Ɗaki

Duk wanda ya san Argungu ya san masunta ne tushen garin, musamman tun 1934 da aka fara bikin kamun kifi a Matan Fada don karɓar Sarkin Musulmi Hasan. To, a cikin dattawan da suka yi ƙuruciyarsu da homa da gora, yau akwai waɗanda gigin tsufa ya kama, har ba su gane 'ya'yansu. Don tsoron kada su nufi gulbi su halaka, sai a rufe su a ɗaki. Wata tsohuwar ma a laƙa mata maita.

Jama'a, wannan ba maita ba ce, cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, shi ya bayyana mafi yawan irinta cikin 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 masu ita sun kai miliyan 57.

A Ingila da Japan akwai gidajen da ake ajiye tsofaffi. Can akan tara masu wannan ciwo su zauna a kewaye, a sa musu kiɗan zamaninsu, su riƙa tafi, suna ɗaga hannu da ƙafa, suna miƙa wa juna ƙwallo. Wannan ba ya warkar da cutar, amma yana riƙe ƙarfin gaɓoɓi, ya rage kaɗaici. Dalili kuwa, abin da hannu ya saba yakan daɗe bayan sunaye sun ɓace.

Mu dai ba al'adarmu ba ce mu kai iyaye gidan baƙi, amma darasin ya shafe mu. Tsohon da ya manta ranar kasuwa, watakila bai manta ɗinkin koma ba. A shimfiɗa tabarma a zaure da hantsi, a kira tsararrakinsa, a miƙa musu koma su gyara. Tsofaffin mata a ba su faifai su yi bakacen shinkafa tare, ko mazari su yi kaɗi. Jika ya riƙe hannun kakansa zuwa masallaci. Kada a tilasta, kada a yi dariya in an yi kuskure. In ruɗewar ta tsananta, a nemi likita a Birnin Kebbi, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware.

Su suka riƙe hannunmu muka koyi tafiya. Allah ya ba mu ikon sāka musu, amin.