Maza a Dandali, Kukan Mata a Bakinsu

A birnin Atina na ƙasar Girka, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, inda wasan kwaikwayo na ban tausayi ya yi tashe, babu macen da ke hawa dandali. Maza ke rubutawa, maza ke fitowa, maza ke alƙalancin gasar. Duk wata uwa mai kuka ko amarya mai baƙin ciki, ƙato ne sanye da fuskar aro da doguwar riga, kuma 'yan wasa uku kacal ke raba duk maganar da ke cikin labari. A gari kuwa, macen Atina ba ta da ƙuri'a, tana hannun waliyyi daga haihuwa har mutuwa. Amma a duba sunayen wasannin: Mediya, Antigoni, Elektira, Alkestis, Hekuba. Mutanen da suka hana mace magana a majalisa su ne suka sa mata magana mafi zafi a baki.

Mediya ta Yurifidis, wadda aka nuna a shekara ta 431 kafin haihuwar Annabi Isa, ita ce ta fi tayar da hankali. Mace ce da ta bar ƙasarsu, ta ci amanar mahaifinta, duk don Jason. Da suka zauna a Korint har da 'ya'ya biyu, sai ya juya mata baya ya nemi 'yar sarki, yana cewa wai don gyara makomar yaran ne. Ta aika wa amarya kyautar riga da kambin zinariya ta hannun yaran. Amarya ta sa, ta tsaya gaban madubi tana gyara gashi tana murmushi, sai rigar ta manne da jikinta, kambin ya kama da wuta. Ubanta ya rungume gawarta, shi ma ya manne ya mutu. Daga nan Mediya ta kashe 'ya'yanta, ta tsere a keken dokin allahn rana, babu wanda ya hukunta ta. Babu mai wanke ta. Sai dai marubucin bai bar Jason ya fita da farin kaya ba, kuma wannan adalcin ne ya sa wasan bai tsufa ba. Abin mamaki, a gasar shekarar Yurifidis ne ya zo na ƙarshe cikin uku. Akwai ma tsofaffin ruwayoyi da ke cewa mutanen Korint ne suka kashe yaran.

Jini kuwa ba a cika zubar da shi a gaban 'yan kallo ba. Manzo ne ke shigowa a guje ya ba da labarin abin da ya gani.

Shari'a mafi ban al'ajabi tana cikin Orestiya ta Eskilas, ta shekarar 458 kafin haihuwar Annabi Isa. Sarki Agamemnon ya yanka 'yarsa don iska ta kaɗa jiragen yaƙinsa. Matarsa ta jira shi shekara goma, ya dawo ta kashe shi a wurin wanka. Ɗansu Orestis ya kashe uwar. A kotu, mai kare shi, Afolo, ɗaya daga cikin allolinsu, ya kawo hujjar cewa uwa ba mahaifiya ba ce, ajiya kawai aka ba ta, uba ne mai ɗa. Ƙuri'a ta yi kunnen doki, aka sallami Orestis da goyon bayan Atina, allahiyar birnin, wadda a tatsuniyarsu ba ta da uwa, daga kan ubanta ta fito. Yarinyar da aka yanka tun farko, babu wanda ya zauna shari'ar jininta.

Sarki Edifas na Sofokilis, wanda Aristotal ya ɗauka abin koyi, shi ma kamar Mediya bai ci gasa ba. Na biyu ya zo, a bayan Filokilis, wanda yau ko wasansa ɗaya bai rage ba. Kowa na kiran labarin da labarin ƙaddara: an yi duba cewa yaro zai kashe ubansa ya auri uwarsa, kuma duk gudun da aka yi kai su ya yi ga abin da suke gudu. To amma a bi sawun. Uba ne ya sa aka huda ƙafafun jinjiri aka kai shi dutse ya mutu. Makiyayi ne ya ji tausayi ya ba da shi. Gardamar wa zai kauce wa wani a mararraba ce ta sa saurayi ya kashe dattijon da bai sani ba. Hannun mutum na nan a kowane mataki, kuma a ganina nan ne zafin wasan yake.

Haka marubuci Ola Rotimi ya karanta shi. A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasar Nijeriya, ya mai da labarin ƙasar Yarbawa, Edifas ya zama Sarki Odewale na Kutuje, ya sa wa wasan suna The Gods Are Not to Blame. A nan saurin fushi da ƙabilanci ne suka ja Odewale ga kisan.

Sofokilis ya rubuta wasanni fiye da 120. Bakwai suka iso mu cikakku.

Cikin bakwai ɗin akwai Antigoni, budurwar da ta binne ɗan'uwanta bayan Sarki Kiriyon ya hana. Abin da ya fi ci wa sarkin rai shi ne a ce mace ta fi ƙarfinsa. Ya sa aka rufe ta da rai a kogo, ta rataye kanta, ɗansa da zai aure ta ya kashe kansa, matarsa ma ta bi. An nuna sabon salon wasan na Jean Anouilh a Faris a 1944, sojojin Hitila na riƙe da birnin. Fursunonin tsibirin Robben su ma sun yi shi a gidan yari, kuma wanda ya fito a matsayin azzalumin sarkin shi ne Nelson Mandela.

A Alkestis ta Yurifidis kuwa, miji ne aka ce zai rayu in wani ya mutu a madadinsa. Tsofaffin iyayensa suka ƙi, matarsa ta yarda, shi kuma ya karɓa, sannan ya tsaya a wurin jana'iza yana zagin mahaifinsa da tsoron mutuwa.

A Ingila ma, zamanin Shekisfiya, samari ne ke fitowa a matsayin mata. Juliyet, wadda ba ta cika shekara 14 ba ubanta ke neman yi mata auren dole, yaro ne ya fara yin ta. Sai a 1660 mace ta hau dandalin Landan a matsayin sana'a, kuma rawar da aka ba ta ita ce Desdemona, matar da mijinta Otello ya shaƙe a gadonta saboda wani hankici da aka tsinta aka kai ɗakin wani. Da ya saurare ta sau ɗaya, da an huta.

A wani wasan na Shekisfiya, Sarki Liya ya raba mulki bisa wadda ta fi iya yabonsa cikin 'ya'yansa mata uku. Ƙaramar, Kodiliya, ta ƙi yi masa daɗin baki, ya kore ta, ita ce kuma ta dawo ta cece shi, aka rataye ta a kurkuku kafin umarnin soke kisanta ya isa. Turawan Ingila sun kasa jure wannan ƙarshen. A 1681 Nahum Tate ya sake rubuta wasan, ya bar ta da rai, ya aurar da ita, ya mai da tsohon kan gadonsa. Wannan gyararren ne ya riƙe dandali fiye da shekara 150, har sai a 1838 William Macready ya maido da rubutun Shekisfiya, tsoho ya sake shigowa ɗauke da gawar 'yar da shi da kansa ya kora.