Me ke Cin Hantar Alhaji?

Wani ɗan kasuwa a Babura, mai safarar hatsi ta iyakar Babban Mutum, ya fara kukan kasala da nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Awon jini ya nuna sinadarin ALT, wanda hanta ke zubarwa idan ta wahala, ya haura ƙima.

Zargi na farko ya faɗa kan ciwon hanta nau'in B, kuma da dalili: binciken ƙasa na 2018 ya gano kusan kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da shi. Aka gwada B da C, babu ko ɗaya. Giya kuwa bai taɓa kai ta baki ba. Likita ya sa ya ajiye jiƙe-jiƙen da yake sha, aka sake awo, lamba tana nan.

Sai aka kwantar da shi a ɗakin hoton ciki, aka shafa masa man nan mai sanyi. Lafiyayyar hanta da ƙodar dama kusan launinsu ɗaya a allo. Tasa ta yi fari fat, ƙodar ta yi duhu a gefenta, can ƙasan hantar kuma hoton ya dushe. Kitse ne, domin yana watsa sautin da na'urar hoton ke aikawa cikin jiki, yana kuma cinye shi kafin ya yi nisa.

"Likita, ni da ba ni da ƙiba?"

"Alhaji, dubi tumbin nan."

Ido yana ganin fari, amma ba ya faɗin yawa, kuma hoton yau da kullum yakan kasa kama kitsen da bai kai kashi 20 cikin 100 na hantar ba, alhali daga kashi 5 cuta ce. Shi ya sa aka tura shi gwajin FibroScan, na'urar kamfanin Echosens na Faransa da ta fito a 2003. Ana ɗora ta tsakanin haƙarƙari bayan awa 3 ba a ci komai ba. Tana auna yadda sauti ke raunana a hanta, wanda ke nuna yawan kitse, a ma'auni daga 100 zuwa 400, sannan taurin hantar, wanda ke nuna tabo. Ba allura, ba yanka. Awon kitsen Alhaji ya zarce 300, amma hantar ba ta taurara ba.

Saura tushen kitsen. Awon suga ya tona asiri: ciwon suga ne da bai san yana da shi ba. Ga shayi mai cokali huɗu na suga safe da dare, ga lemon kwalba duk lokacin da rana ta take a rumfa. Hanta ce ke juya rarar sugan nan ta zama kitse, ta adana a jikinta. Abin da ke damuna shi ne, maza nawa ne a kasuwanninmu ke ɗaukar irin wannan tumbi alamar rufin asiri.

Likita ya ɗora shi kan maganin suga, ya ce ya bar lemo, ya riƙa tattaki bayan Asuba, ya rage kashi 7 zuwa 10 na nauyinsa, ya dawo awo bayan wata 6.