Bayan Kisan Kadri Abdu, Wa Zai Tsare Raƙumin Dawa?

Ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, ciki har da Kadri Abdu, shugaban ƙungiyar masu yi wa baƙi jagora zuwa wurin raƙuman dawa. Rashi ne babba, domin da taimakon irinsa dabbar da ta ragu zuwa 49 a 1996 ta haura 600. Sai dai juyayi ba zai tsare dawa ba. Abin yi shi ne sanin daji ya bazu cikin jama'a, kada ya tsaya a hannun mutane ƙalilan.

Manomin Buza ko Madawa zai ce gero ne damuwarsa. Yana da gaskiya, amma gawon da raƙumin dawa ke miƙa wuya ya tsinki ganyensa, shi ke takin gona, shi ke ciyar da awaki da rani. Aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984 shaida ne cewa jama'a na iya gyara dawa: mata sun haƙa ramuka, an dasa miliyoyin itatuwa, fako ya farfaɗo. A 2018 kuma an kai raƙuman dawa takwas Gadabeji da ke Dakoro. Tsaronsu yanzu ya rataya a wuyan makiyayi da manomi.