Mota mai aiki da gas: abin da ya kamata magidanci ya sani kafin ya taɓa aljihunsa

 

Ranar 29 ga watan Mayu na 2023, a cikin jawabinsa na rantsuwar kama mulki, shugaban Najeriya Bola Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya ƙare. Cikin ƴan kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haye 1,000. Wannan magana a Abuja aka yi ta, amma zafinta ya iso Maraɗi da Ƙonni da Damagaram, inda kwalaben ruwa-ruwa suka daɗe suna jere a bakin hanya, ya kuma iso Garwa da Marwa, inda ake kiran irin wannan mai zuwa-zuwa. Ɗan kabu-kabu ya ƙara kuɗi, mai ɗauko hatsi daga ƙauye ya ƙara, uwargida ta gani a cefane.

A wannan hali ne fatake da direbobin da ke zirga-zirga Kano da Kaduna suka fara dawo mana da labarin motocin da ke tafiya da gas a kan kuɗi kaɗan. Labarin gaskiya ne, domin tun a 2023 gwamnatin Najeriya ta kafa shiri na musamman don juya motocin haya zuwa gas. Sai dai a bakin jama'a labarin ya haɗa abubuwa biyu da ba su zama ɗaya ba, kuma a cikin wannan haɗin akwai hatsari ga rai da dukiya.

Gas ɗin da ake magana a kai shi ne wanda Faransawa ke taƙaita sunansa da GNC, a Najeriya kuma a ce CNG. Iskar ƙasa ce da ake haƙowa daga rijiyoyi, mafi yawanta sinadarin da ake kira metan. Da yake iska ce mai cin wuri, sai a danne ta da injin a cusa ta cikin tukunya har matsinta ya kai ma'aunin bar 200 ko fiye. Domin mai karatu ya gane girman wannan adadi, iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 da ɗan ɗoriya ba. Ke nan abin da ke cikin tukunyar ya kusa ninka ta sau ɗari. Shi ya sa ake ƙera tukunyar da ƙarfe mai kauri, a dunƙule, ba tare da walda ba, har mutum ɗaya ba ya iya ɗaga ta cikin sauƙi.

Gas ɗin girki kuwa, wanda matanmu suka saba da shi musamman tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, wani abu ne daban. Butan ne da furofan, suna zama ruwa a cikin tukunya da matsi kaɗan, galibi ƙasa da bar 10. Ya fi iska nauyi, in ya zuba sai ya kwanta a ƙasa yana jiran wuta. Shi kuwa gas na ƙasa ya fi iska sauƙi, in ya tsere sama yake tashi ya watse, wanda hakan yana cikin alherinsa. Akwai motocin da ke aiki da irin gas na girki, a Aljeriya ma sun yi yawa ƙwarai, amma da tankinsu da kayan haɗinsu na musamman. Tukunyar madafa ba a yi ta don mota ba, balle a ɗura mata iskar da ta fi ƙarfinta sau ashirin.

A watan Oktoba na 2024, a birnin Benin na jihar Edo, wata mota ta tarwatse a gidan shan gas ana cikin ɗura mata, mutane suka ji munanan raunuka. Bincike ya nuna tukunyar da ke cikinta ba ta masana'anta ba ce, wani mai walda ne ya haɗa ta. Mun san hazaƙar makanikanmu da maƙeranmu, masu tada injin da Turawa suka yanke wa ƙauna, kuma muna alfahari da su. Amma wannan aiki ba ya karɓar dabara. Malamanmu na fiƙihu sun lissafa kiyaye rai gaba da kiyaye dukiya, kuma direban da ya ɗauki ƴaƴan mutane a bayan irin wannan tukunya don ya rage kuɗin mai ya ci amanarsu tun kafin komai ya faru.

In aka yi aikin bisa ƙa'ida, amfaninsa a bayyane yake. Mita kubik guda na gas yana tafiyar da mota kusan abin da litar fetur guda za ta yi. Yana ƙonewa da tsabta, hayaƙinsa kaɗan ne, baƙin mai yana daɗewa bai gurɓata ba. Motar ba ta rabuwa da tankinta na fetur. Maɓalli ne direba zai danna ya koma wanda yake so. A birnin Delhi na Indiya, Kotun Ƙoli ce ta ba da umarni a 1998 cewa motocin bas su koma gas saboda hayaƙi ya addabi jama'a, kuma zuwa ƙarshen 2002 an gama. Ta ɗaya gefen kuma, tukunyar tana cinye rabin but ko fiye, ƙarfin injin yana ɗan raguwa, cikawa ɗaya a ƙaramar mota da wuya ta wuce kilomita 200, injin gazuwal kuma ba ya juyuwa da sauƙi. Kuɗin juyawa yana da yawa, don haka mai taksi da ke yini a hanya ne ke maida kuɗinsa da wuri. Ma'aikacin da motarsa ba ta wuce gida da ofis da masallacin Juma'a ba zai daɗe bai ga riba ba.

Babban darasi, a ganina, yana wurin ƴan'uwanmu na Pakistan. A shekarun 2000 gwamnatinsu ta rahusa gas, jama'a suka yi tururuwa, har motocin da aka juya suka haura miliyan biyu da rabi, gidajen sayarwa suka wuce 3,000. Daga baya gas ɗin ƙasar ya kasa isar gidaje da masana'antu da motoci a lokaci guda. Sai aka koma rufe gidajen sayarwa kwanaki a kowane mako, musamman lokacin sanyi, direbobi suna kwana a layi. Wanda ya ci bashi ya juya motarsa ya koma sayen fetur, bashin kuma yana wuyansa. Arahar gas ba daga gas ɗin kawai take ba, daga farashin da hukuma ta tsaida ne, kuma hukuma tana iya sauya shawara kamar yadda ta sauya a kan fetur.

To mu fa? Gas na ƙasa bututu yake bi. Inda babu bututu sai an ɗauko shi da manyan motoci, kuɗinsa ya ƙaru. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin gas, amma rijiyoyin suna kudu, shi ya sa a 2020 aka ƙaddamar da aikin bututu mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano. Akwai kuma tsohon buri na bututun da zai ratsa Sahara, fiye da kilomita 4,000, daga Najeriya ta cikin Nijar zuwa Aljeriya, wanda ƙasashen uku suka sa wa hannu a 2009, suka sabunta alkawari a 2022. Ranar da ya tabbata, insha Allahu, garuruwan da ke kan hanyarsa za su iya neman rabonsu. Kafin nan, motar gas a garin da ba a sayar da gas motar fetur ce mai ɗauke da ƙarin nauyi.

Saboda haka, duk wanda aka kawo wa mota daga ƙetaren iyaka da tukunya a bayanta, ya fara tambayar kansa ina zai ɗura. In yana da amsa, kamar direban da ke shiga Kano kowane mako, to ya duba wuyan tukunyar: masana'anta tana buga ranar ƙira da ƙarfin matsi da ranar da wa'adinta zai cika, wanda yawanci shekara 15 zuwa 20 ne. Ya nemi takardar wurin da aka yi haɗin da ta binciken ƙarshe. In ya ga alamar walda, ko tsatsa mai zurfi, ko an kankare lambobin, ya sa a cire tukunyar kafin iyalinsa su shiga motar.