Shimfiɗar Zomo: Wadda Ta Dace da Wadda Ke Kisa

A gidajen 'yan'uwanmu da yawa, zomo shi ne dabba ta fari da yaro yakan nuna ya ce, "Wannan nawa ne." Wani kawunsa ne ya ba shi, wani kuwa ya tara kuɗin Kirsimeti ya saya. Sai a kafa ɗan akurki a bayan ɗaki, a yi ta kawo ganyen dankali da dusa. Bayan wata biyu ko uku, wata safiya a tarar da zomo a miƙe. Manya su ce, "Ai dama zomo ba shi da ƙarko." Yaro ya yi kuka, ya ƙi cin tuwo, wani ma daga ranar ba ya ƙara sha'awar kiwo. Sau da yawa in aka bincika, sai a ga abincin ba shi da laifi. Abin da ya kashe dabbar yana ƙarƙashin ƙafafunta, watau abin da aka shimfiɗa mata.

Bari mu fara da sanin dabbar kanta. Zomon gida ba jikan zomon dajinmu ba ne, wannan mai wayo na cikin tatsuniya. Kakanninsa daga ƙasashen Sifen da Fotugal suke, inda suke haƙa ramuka su zauna a ciki. Zomon daji yakan haifi 'ya'yansa da gashi, idonsu a buɗe. Na gida kuwa tsirara ake haihuwarsu, makafi, sai wajen kwana 10 idonsu yake buɗewa. Ban da wannan, akwai abu uku da ya kamata kowane yaro mai zomo ya haddace. Tafin ƙafar zomo ba shi da tsoka mai tauri irin ta kare ko kyanwa, gashi ne kaɗai ya rufe fatar. Ta hanci kaɗai yake numfashi, hancin nan kuwa kullum yana dab da ƙasa. Sa'an nan duk abin da ya gani sai ya ɗanɗana, ga shi kuma ba ya iya amai. Abin da ya shiga cikinsa, ko ya fita ta baya, ko ya tsaya ya kashe shi. Saboda haka kafin ku zuba kome a akurki, ku tambayi kanku: in ya taka fa? In ya shaƙa fa? In ya ci fa?

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne garin katako. Ga shi da araha, wani lokaci ma kyauta ake kwasa a kasuwar katako, yana shan fitsari, kuma an ga masu kiwon kaji suna amfani da shi. Mu dai ba mu yarda da shi ba. Garin yana da laushi ƙwarai, yana shiga hanci da ido, zomo ya yi ta atishawa har majina ta fara zuba. Kuma tsibin da ke gindin injin yankan katako gauraye yake, ba wanda zai iya gaya muku itatuwa nawa ne a ciki. Ƙurar loko, alal misali, ko kafintoci tana sa su tari da ƙaiƙayin jiki, balle dabbar da ba ta wuce kilo biyu ko uku ba. Wani katakon kuma an riga an shafe shi da maganin gara ko baƙin mai kafin a yanka. Dafin da aka sa domin gara, shi ne zomo zai kwana a kai, ya lasa a ƙafarsa sa'ad da yake wanke fuska.

Ko sassaƙen katako mai tsabta da ake sayarwa cikin leda a kantunan birni, ba duka ne ke da kyau ba. A shekarar 1967 wani likita a Amurka, Elliot Vesell, ya lura cewa ɓerayen gwaji da aka kwantar a kan sassaƙen itacen fayin da na sida, hantarsu tana sake aiki, har maganin sa barci ya daina kama su yadda ya kamata. Ƙanshin nan mai daɗi da ke tashi daga itacen, shi ne yake shiga jini ta huhu ya dami hanta. Ƙungiyar masu zomon gida ta Amurka, House Rabbit Society, wadda aka kafa a Kalifoniya a 1988, ta daɗe tana gargaɗin mutane a kan waɗannan itatuwa biyu. Kada mu ce wannan zancen Turawa ne kawai, gama an shuka fayin a gandayen daji na gwamnati a Filato da Kaduna, kuma akwatunan kaya da yawa da ke zuwa daga waje da shi ake yin su. Ga gwaji mai sauƙi: ku ɗebi sassaƙen ku sansana. In yana ƙanshi mai ƙarfi kamar turare ko ƙaro, ku bar shi.

Mazauna birni kuma su yi hankali da yashin kanti da ake zuba wa kyanwa, musamman irin wanda yake curewa in ruwa ya taɓa shi. Yumɓu ne mai kumbura. Yadda yake curewa a tire, haka yake curewa a hanjin zomo.

A ƙauye jarabar ta wani waje take zuwa. Bayan kaka ga ɓawon gyaɗa tuli, ga totuwar masara, ga ƙaiƙayin gero, duka a banza. Ƙaiƙayi dai sunansa ya isa bayani. Totuwa ba ta narkewa a ciki, in zomo ya gaigaye ta takan toshe hanji. Ɓawon gyaɗa kuwa, da zarar ya jiƙe da fitsari sai fumfuna ta kama shi, ita ma totuwa haka. Akwai wata irin fumfuna da ke son gyaɗa da masara, tana fitar da dafi wanda likitoci ke kira afalatoksin. A 1960 ne duniya ta farga da shi, sa'ad da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil. Zomo yana cikin dabbobin da dafin nan ya fi saurin kamawa. Ba ya bukatar da yawa: hanta ta lalace, dabba ta daina ci, ta rame, ta mutu. Ɓuntun shinkafa ya fi waɗannan dama-dama in ya bushe sarai, amma yana da kaifi da ƙura. A ƙarƙashin akurki, inda zomo ba ya kaiwa, can ne wurinsa.

Iyaye mata masu tausayi sukan ba yaro tsohon zane ko tsumma ya shimfiɗa wa zomonsa domin sanyi. Nufin yana da kyau, amma zare ba ya narkewa a ciki, kuma yakan naɗe ƙafar jariri har ta tsinke. Haka auduga, haka tsohon buhun taki na leda, haka soson katifa. Takardar buhun siminti ma a bar ta.

To, me za a shimfiɗa? Abin da ya fi duka yana bakin gonarku: busasshiyar ciyawa mai tsabta, wadda ake kira ingirici. Tana da laushi ga ƙafa, tana riƙe ɗumi, in zomo ya ci kuwa, abin da jikinsa yake so ke nan. Haƙoran zomo ba su daina tsiro har ya mutu, kamar milimita 2 kowane mako, taunar ciyawa ce take rage su. Hanjinsa kuma in bai sami ciyawa ba sai ya tsaya. Harkiya da burburwa da ƙyasuwa duka suna da kyau. A yanke su wajen ƙarshen damina tun suna da sauran kore, kafin su yi 'ya'ya, a shanya su har su bushe ƙarau, a ɗaure a ɗora a kan rumfa inda raɓa da ɓera ba za su kai ba. A tsince ƙarangiya, gama tana maƙalewa a gashi ta huda fata. Kada a yanko daga bakin titi, ko daga gefen gonar da aka yi wa feshin maganin ciyawa. Dam ɗin da kuka buɗe kuka ji yana warin ruɓa, ko kuka ga fari-fari ko baƙi-baƙi a ciki, ku kai shi ramin taki.

'Yan'uwanmu na kan dutse, wajen Jos da Fankshin da kudancin Kaduna, suna da wata albarka da ba kowa ke da ita ba, watau karan acca bayan an sussuke. Tun dā da shi ake cika katifa saboda laushinsa. Ba mu san shimfiɗar gida da ta fi shi ga zomo mai jego ba. Inda ake noman shinkafa, karanta ma yana yi, in an shanya shi da kyau. Harawar gyaɗa da ta wake abinci ce mai ƙarfi, ta dace da uwa mai shayarwa da 'ya'ya masu girma. Asara ce a shimfiɗa ta a yi fitsari a kai, sai dai a rataye ta a jikin akurki.

Ciyawa tana da rauni guda: ba ta shan ruwa sosai. Maganin wannan yana cikin halin zomo kansa. Dabba ce mai tsabta, takan zaɓi kusurwa guda ta mai da ita masai. Ku lura kwana biyu za ku ga wurin. Ku sa tsohon tire ko yankakken jarka a nan, ku shimfiɗa tsohuwar jarida ninki huɗu ko biyar a ƙasa, ku rufe da ciyawa. Takarda mai sheƙi ta kalanda kada a sa. In kuka ɗebi 'yan ƙwayoyin kashinsa kuka zuba a tiren, zai gane. Zomo yana son ya riƙa tauna sa'ad da yake bahaya, don haka ku rataye ciyawar ci a saman wurin. In farin abu kamar alli ya daskare a tiren, kada ku tsorata, haka fitsarin zomo yake. Ruwan lemun tsami yana narkar da shi.

Masu akurki mai daɓen ragar waya sukan ce su ba ruwansu da shimfiɗa, tun da kome yana zuba ƙasa. Gaskiya ne raga tana taimakon tsabta. Amma ku tuna da tafin ƙafar nan. Waya takan cinye gashin dunduniya, fata ta tsage, gyambo ya kama, gyambon dunduniyar zomo kuwa yana da wuyar warkewa. A sa faifan katako marar fenti ko 'yar tabarmar kaba a gefe guda domin ya sami wurin hutawa. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ya wuce digiri 30, a rage ciyawar ƙwarai, a sa masa falalen dutse ko tayil ya kwanta a kai. Zomo ba ya gumi, ta kunne yake fitar da zafi, kuma zafi ya fi sanyi kashe shi.

Ko shimfiɗa mafi kyau, in ta kwana uku a jiƙe ta zama cuta. Zarnin fitsari yana ƙona hanci da huhu, daga nan murar zomaye take samun ƙofa. In kun sunkuya kun sa fuska a bakin akurki idonku ya yi yaji, ku tuna shi a nan yake kwana. Da damina ƙuda yakan yi ƙwai a jiƙaƙƙen gashin gindinsa, cikin kwana guda tsutsa ta fara cin nama. Akwai kuma ciwon zawo da ke share 'ya'yan da aka yaye, wanda ake kira koksidiya. Ƙwan cutar yana fita cikin kashi, amma sai ya yi kwana ɗaya ko biyu a waje kafin ya iya kama wata dabba. Wanda yake kwashe kusurwar masai kowace safiya ya riga cutar. Aikin minti biyar ne kafin a tafi makaranta. Ran Asabar kuma a fitar da shimfiɗar duka, a wanke da ruwa da sabulu, a bar akurki ya sha rana, domin ran Lahadi kada a ce zomo ne ya sa aka makara sujada. In an sa Izal ko wani magani mai wari, a ɗauraye sosai, a jira warin ya tafi kafin a mai da dabbar. Muna roƙon iyaye su riƙa leƙawa da kansu. Yaro yana da ƙauna, amma yana da mantuwa.

Zancen haihuwa yana bukatar kula ta musamman. Cikin zomanya kwana 31 ne, ko da ɗan ƙari ko ragi. A rana ta 28 a sa mata akwati mai 'yan huji a ƙasa, a cika shi da ciyawa mafi laushi. In aka sa da wuri sai ta mai da shi masai. Za ku ga tana ɗibar ciyawa a baki, daga baya ta tuge gashin ƙirjinta ta yi sheƙa. Kada ku zubar da gashin nan, shi ne bargon jariran, musamman da hunturu. Uwar sau ɗaya ko biyu take shayarwa a yini, na 'yan mintoci kaɗan, sauran lokacin ɗumin sheƙar ne yake raya su. In wani gefe ya jiƙe, a cire shi a sa busasshe, a mai da gashin a kansu. Ƙafafun akurkin kuma a tsoma su cikin gwangwanaye masu baƙin mai, gama kwarkwasa takan cinye sheƙa guda a dare ɗaya.

Akwai wata annoba ta zomaye mai sa zubar jini a ciki, wadda aka fara gani a ƙasar Sin a 1984, ta kuma ɓulla a Jihar Kwara a 2020. Ƙwayarta takan yi watanni da rai a jikin ciyawa, da buhu, da takalmi. Saboda haka kada ku karɓi ragowar ciyawa ko tsohon akurki daga gidan da zomaye suka mutu farat ɗaya, kome zumuncin da ke tsakaninku. In abin ya faru a gidanku, shimfiɗar a ƙone ta, gawar a binne da zurfi, a kuma sanar da likitan dabbobi.

In dai dabbobin lafiya suke, tsohuwar shimfiɗa ba shara ba ce. Kashin zomo ba ya ƙona shuka kamar na kaji, ana iya zuba shi kai tsaye a gindin tumatir ko gwanda. Ciyawar da jaridar da suka sha fitsari kuwa a tara su a rami a bayan gida, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa. Wanda ya fara tarawa da kaka, kafin ruwan fari ya sauka yana da takin da zai ishi fangalin alayyafo da na kuɓewa.