BUGUN ZAFI A FILIN WASA

Daga watan Maris zuwa Mayu, watau bazara, zafin rana a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri ya kan wuce digiri 40. Duk da haka samari ba su fasa ƙwallo, 'yan dambe da 'yan kokawa ba su fasa shiga fage, 'yan makaranta kuma su na tsere. Wasa abu ne mai amfani ga jiki. Amma akwai wata cuta da ta kan kama mai wasa cikin zafi, ta kashe shi a yini guda, ko da shi ne ƙaƙƙarfan garin. Sunanta bugun zafi. Maganinta na farko ruwan sanyi ne, kuma ku da ke wurin ku ne za ku yi shi.

YADDA TA KE KAMAWA

Ku dubi randa. Ruwa ya kan tsattsafo ta jikinta, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Haka jikin mutum ya ke yi da gumi. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. In ya na gudu ko dambe, naman jikinsa ya na ƙara hura wuta daga ciki, rana kuma ta na dukansa daga waje. Ran da iska ta tsaya, ko hadari ya haɗo gari ya yi gumi, zufa ba ta bushewa, sai dai ta zuba a banza. To, sai zafin ya taru. In ya kai digiri 40 ko ya wuce, ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda su fara lalacewa.

Ga alamunta. Yaro ya na cikin wasa sai ya fara tangaɗi kamar mashayi. Ya yi magana ba kan gado, ko ya kama faɗa da abokansa ba dalili, ko ya rasa inda ya ke. Wani ya yi amai, wani ya faɗi ya suma, wani ya yi ta fizge-fizge. Jikinsa zafi rau. Kada ku ce ai ya na gumi, ba kome. Mai wasa da bugun zafi ya kama sau da yawa jikinsa sharkaf ya ke da zufa. Abin lura shi ne hankalinsa. Duk wanda hankalinsa ya gushe ya na cikin wasa a rana, ku ɗauka ita ce.

A SANYAYA TUKUNA, SA'AN NAN A ƊAUKA

Likitoci sun gane cewa abin da ke kisa shi ne daɗewar zafin a jiki. In an saukar da shi cikin minti 30 na farko, galibi mutum ya kan tashi. In kuwa aka tsaya neman mota, aka yi tafiyar awa guda da shi ya na dahuwa, ko an kai asibiti aikin ya riga ya ɓaci. Saboda haka mutum guda ya ruga neman mota ya kuma kira ma'aikacin lafiya, sauran su kama aiki nan take.

Ku kai shi inuwa. Ku tuɓe masa riga da takalmi da duk abin da ya ɗaure jikinsa, har zaren da ɗan dambe ya naɗe a hannu. Sa'an nan ku tsoma shi cikin ruwa mafi sanyi da ku ke da shi, tun daga ƙafa har ƙirji. Komin shayar da shanu na bakin rijiya ya yi, babban baho ya yi, gefen rafi inda ba zurfi ya yi. In ba ko ɗaya, ku shimfiɗa tamfol, ku kwantar da shi a tsakiya, mutum shida su ɗaga gefuna, waɗansu su yi ta juye ruwa a ciki. In akwai mai sayar da ƙanƙara kusa, ku saye ta duka ku zuba. Mutum guda ya ratsa zane ta ƙarƙashin hamatarsa, ya riƙe daga baya, domin kada kansa ya nutse. Wannan mutum ba shi da wani aiki sai wannan. Wani kuma ya riƙa motsa ruwan da hannu, gama ruwan da ya kwanta a jikin fata ya kan ɗumama.

In ruwan bai isa tsomawa ba, ku yi ta kwarara masa na randa a kai da jiki duka, mutum biyu su na fifita da mafici ko faifai. Ku jiƙa zannuwa ku shimfiɗa masa, ku riƙa sakewa kowane minti biyu. Zanen da aka bari ya ɗumama ya zama bargo.

Na san tsofaffinmu su kan ce kada a zuba wa mai zafin jiki ruwan sanyi, wai sanyi zai shige shi. A wannan cuta maganar ba ta da tushe. A garin Falmouth na ƙasar Amurka a na yin tseren mil 7 kowace shekara a watan Agusta. Likitocin wurin sun ƙidaya mutum 274 da bugun zafi ya kama cikin shekara 18, aka tsoma su cikin ruwan sanyi a nan bakin fili. Ko ɗaya bai mutu ba.

Yaushe za a fitar da shi? Ma'aikacin lafiya ya kan auna ta dubura, in zafin ya sauko ƙasa da digiri 39 ya fitar. Awon hamata ko na goshi ya kan ruɗi mutum a nan. In ba ma'auni, ku bar shi cikin ruwan ƙanƙara minti 10 zuwa 15. Ruwan rijiya ba ya kai wannan sauri, sai ku ci gaba har hankalinsa ya komo.

ABIN DA BA A YI

Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko rubutu ko fura, zai shaƙe. In ya yi amai, a juya shi ta gefe. Kada a lulluɓe shi, kada a yi masa hayaƙi, kada jama'a su yi masa zobe su tare iska. Kada a ba shi farasitamol ko asfirin. Waɗannan na zazzaɓi ne, ba su sauke wannan zafi, su na iya ƙara wa hanta da ƙoda wahala. Sai ya farfaɗo sarai ya na iya haɗiya, sa'an nan a ba shi ruwa ko ruwan gishiri da sukari, kurɓi kurɓi.

Ko ya tashi ya ce ya warke, lalle ne a kai shi asibiti ran nan, a na jiƙa shi a hanya. Ɓarnar ciki ta kan bayyana bayan kwana ɗaya ko biyu, musamman in fitsarinsa ya ragu ko ya yi duhu kamar shayi. Ban da haka, bazara lokacin sanƙarau ne, zazzaɓin cizon sauro ma ya kan taɓa ƙwaƙwalwa, likita ne zai rarrabe. Kada ya koma fili sai bayan mako guda a ƙalla, da iznin likita, ya kuma fara a hankali.

Shugabannin samari da malaman makaranta, ku sa wasa da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Mai zazzaɓi ko zawo, da wanda ya sha ƙwayar ƙara ƙarfi, kada ya shiga. Baƙo da wanda ya daɗe bai yi wasa ba su na bukatar kamar mako biyu kafin jikinsu ya saba da zafi. A gasar ƙwallon duniya ta 2014 a Brazil, alƙalin wasa ya tsai da wasan Holan da Meziko domin 'yan wasa su sha ruwa su huce, ku ma ku yi haka. Kafin a busa usur, a ajiye tamfol guda da jarka 10 cike da ruwa a inuwa, a kuma san wanda zai riƙe kai.